A BAR KASUWA TA YI HALINTA? RADDI GA MASU FAKEWA DA ADAM SMITH DA HADISIN FARASHI



Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai azurta bayi, Wanda Ya halatta ciniki Ya haramta riba. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (SAW), wanda ya yi fatauci kafin a aiko shi, ya kuma keɓe wa Musulmi kasuwarsu a Madina bayan hijira, tare da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ɗan uwa mai karatu, abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan karo wata muhawara ce da ta taso a majalisarmu ta ƙofar masallaci a nan Rano, bayan sallar Isha'i, lokacin wani hutun jami'a. Dattawa suna kukan tsadar takin zamani da faɗuwar farashin masara, sai wani tsohon ɗalibina, yaro mai hazaƙa wanda na karantar da shi Ahalari da Ishmawi da Arba'una Hadisi, wanda kuma yake karatun tattalin arziki a jami'a, ya gyara zama ya ce: "Allah gafarta Malam, ai duk wannan kukan rashin fahimta ne. A bar kasuwa ta yi halinta. Adam Smith ya faɗa, Milton Friedman ya tabbatar, kuma tun kafin su Manzon Allah (SAW) ya ƙi ƙayyade farashi a Madina. Gwamnati ta cire hannunta kawai, komai zai daidaita." Wani dattijo daga Tarai ta ƙasar Kibiya, wanda ya zo duba 'yarsa, ya dube shi ya ce: "Yaro, ita wannan kasuwar taka, wace rana take ci? Ina so in kai mata masarata." Aka bushe da dariya, aka watse.

Ni dai ban yi dariya ba, domin maganar nan ba tasa ba ce shi kaɗai. Ta cika Facebook da zaurukan WhatsApp na matasanmu masu ilimi, kuma haɗarinta shi ne an ɗaura wa ra'ayin ɗan Adam rawanin hadisi, ta yadda duk wanda ya yi ƙorafi zai ji kamar da Sunna yake jayayya. Da'awata a wannan rubutu guda ɗaya ce: masanan da ake ambato ba su sauke wa shugaba nauyin mai rauni ba, hadisin da ake kafa hujja da shi ma bai sauke masa ba. Wanda ya ce sun sauke, ko dai bai karanta su ba, ko kuwa ya karanta rabi ya rufe littafi.

ABIN DA IDO YA GANI

Ranar 29 ga Mayu, 2023, a jawabinsa na kama mulki, Shugaba Bola Tinubu ya shelanta ƙarshen tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, zuwa Oktoban 2024 kuma ta haura 1,000. A watan Yuni na 2023 aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa. Dalar da take wajen Naira 460 a farashin hukuma ta haura 1,500 a Fabrairun 2024. A tsakiyar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashin abinci ta zarce kashi 40 cikin ɗari. A Fabrairun nan na 2024 ne mata masu gurasa suka fito titi a Kano saboda tsadar fulawa, ranar 1 ga Agusta kuma zanga-zangar tsadar rayuwa ta ɓarke, aka yi asarar rayuka da dukiya.

Waɗannan alƙaluma ne. Ni kuwa a ajina na gan su sanye da hijabi da 'yar shara. Na ga layin 'yan mata ya ragu saboda an tura su talla. Na ga yaro yana gyangyaɗi a kan Alƙur'ani da La'asar, da na bincika ashe tun kokon safe bai sa komai a bakinsa ba. Na ga uba mai mutunci, wanda bai taɓa jinkirta kuɗin wata ba, yana sauya hanya idan ya hango ni, har sai da na bi shi gida na roƙe shi ya bar yaransa su dawo makaranta ko da babu ko sisi.

Sannan reshe ya juye da mujiya. A Yulin 2024 gwamnati ta sanar da ɗage harajin shigo da masara da alkama da shinkafa da wake na kwana 150, kuma a cikin 2025 farashin hatsi ya yi ƙasa ƙwarai. Mai saye da kwano ya samu sa'ida, alhamdu lillahi. Amma manomin Rurum da Saji da Durba da Fammar, wanda ya sayi taki da maganin feshi da man injin ban ruwa da tsada, shi ya kai buhunsa kasuwa ya dawo da abin da bai mayar masa da uwar kuɗi ba. Da aka yi tsada shi ya ji jiki, domin rumbunsa ya riga ya ƙare kafin farashi ya kai ƙololuwa. Da aka yi araha ma shi ya ji jiki. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ka lura kuma, ya mai karatu, a duk matakan nan uku hukuma ce ta zauna ta yanke shawara, ta zaɓi rana, ta sa hannu. Abin da ake kira cire hannu shi ma aikin hannu ne, kuma akwai wanda za a tambaya a kansa.

ME SU SMITH SUKA FAƊA?

Adalci wajibi ne ko ga wanda ba ka yarda da shi ba. Adam Smith mutumin Sikotilan ne, malamin falsafar ɗabi'a a Jami'ar Glasgow, kuma kafin littafinsa kan arzikin ƙasashe na 1776 ya riga ya rubuta wani a 1759 kan tausayi da lamirin ɗan Adam. Abin da ya gano gaskiya ne: mahauci da mai burodi suna ciyar da gari ne a yayin neman ribar kansu, kuma gasa tsakanin masu sayarwa tana yi wa mai saye aiki fiye da umarnin fada. Kalmar nan ta ɓoyayyen hannu da ake ta rerawa sau ɗaya tak ta zo a cikin wancan ƙaton littafi. A cikinsa kuma Smith ya yi kashedi cewa da wuya 'yan sana'a ɗaya su taru ba su ƙare da ƙulla yadda za su tsauwala wa jama'a ba, ya ce a riƙa ɗari-ɗari da duk dokar da attajirai suka kawo shawararta, ya kuma ɗora wa hukuma ayyuka uku: tsaron ƙasa, tsayar da adalci, da gina abubuwan amfanin jama'a irin su hanyoyi da gadoji da makarantun 'ya'yan talakawa. Yanzu ka auna mu da ma'aunin Smith ɗin kansa. Manomin da ba ya iya kwana a gonarsa a Zamfara, da wanda tumaturinsa ke ruɓewa kafin mota ta fito da shi titi, an cika musu sharuɗɗan nan uku kafin a ce su je su yi gasa?

Friedrich Hayek, wanda ya samu kyautar Nobel a 1974, ya koyar da cewa farashi saƙo ne: idan albasa ta yi tsada, manomi ya ji labari ya ƙara shukawa, ba tare da wani jami'i ya aiko masa da takarda ba, kuma babu ofishin da zai iya tattara sanin da ke warwatse a kawunan miliyoyin mutane. Wannan ma gaskiya ce. Amma a cikin littafinsa na 1944, wanda ya rubuta musamman don yaƙar mulkin gurguzu, Hayek ya yarda cewa al'umma mai wadata tana iya lamunce wa kowa mafi ƙarancin abinci da sutura da matsuguni. Shi kuwa Friedman na Jami'ar Shikago, mai kyautar Nobel ta 1976, wanda ya fi kowa ƙin tallafin kaya, a littafinsa na 1962 ya kawo shawarar cewa duk wanda samunsa ya gaza wani mizani, hukuma ta cika masa da tsabar kuɗi. Wato ko a mazhabar Friedman, idan ka janye tallafi daga kaya sai ka miƙa shi ga mutum.

Mu me muka gani? An janye tallafi a rana ɗaya. Shirin raba Naira 25,000 a wata na tsawon wata uku ga gidaje miliyan 15 sai a Oktoban 2023 aka ƙaddamar da shi, a Janairun 2024 kuma aka dakatar da shi na wani lokaci bayan badaƙalar da ta sa aka dakatar da ministar jin ƙai. Mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 sai a Yulin 2024 ya zama doka, kuma manomi da ɗan acaɓa da malamin Islamiyya ba sa cikin masu albashin. An yi wa mara lafiya fiɗa, allurar kashe zafi kuma tana kan hanya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

INDA SMITH YA YI KUSKURE

Kada ɗalibina ya ce na ɓoye wani abu: gaskiya ne Smith ya kare 'yan kasuwar hatsi, har ya kwatanta tsoron masu ɓoye abinci da tsoron maita, yana ganin tsada da kanta za ta jawo hatsi zuwa inda ake yunwa. To, an gwada wannan ra'ayi a kan rayukan mutane. A yunwar da ta auka wa Indiya daga 1876 zuwa 1878, gwamnatin mulkin mallaka ta Ingila ƙarƙashin Lord Lytton ta ƙi taɓa cinikin hatsi, aka ci gaba da fitar da abinci ƙasashen waje, miliyoyin mutane suka mutu.

Wanda ya bayyana dalilin haka a ilmance shi ne Amartya Sen, mai kyautar Nobel ta 1998, wanda yana ɗan shekara tara ya ga yunwar Bangal ta 1943 da idonsa, yunwar da ta ci mutum miliyan biyu zuwa uku. A littafinsa na 1981 kan talauci da yunwa ya nuna cewa mutane suna iya mutuwa da yunwa alhali abinci yana nan a ƙasa, domin abin da ya ƙare shi ne ikonsu na mallakarsa: ladan ƙwadagonsu ko kuɗin akuyarsu ya daina isa sayen kwano. Har ya kawo misalin lardin Wollo na Habasha a 1973, inda aka riƙa fitar da hatsi daga yankin da ake yunwa zuwa birane. Kasuwa kuɗi take ji. Kukan mai yunwa wanda aljihunsa ya bushe ba ya isa kunnenta, ba don mugunta ba, don dai ba a yi ta da wannan kunnen ba.

Abin sha'awa, Alƙali Abu Yusuf, almajirin Imam Abu Hanifa, wanda ya rasu a shekara ta 182 bayan hijira, ya riga ya lura a Kitabul Kharaj da ya rubuta wa Halifa Haruna Rashid cewa abinci yakan yi yawa ya yi tsada, yakan kuma yi ƙaranci ya yi araha. A littafin nan ne ya shawarci halifa da ya haƙa manyan magudanan ban ruwa da kuɗin baitulmali. Wanda ya san abin da madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gina zamanin Gwamna Audu Baƙo, ta yi wa Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, ya san cewa kasuwar shinkafa da tumatur da ake taƙama da ita a yau hukuma ce ta haƙa mata rijiya.

Ba sai mun je Indiya ba ma. Wata Baturiya masaniyar tattalin arzikin karkara, Polly Hill, wadda 'yar ƙanwar shahararren masani John Maynard Keynes ce, ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a shekarun 1960, ta fitar da littafinta a 1972, daga baya ta yi irin wannan bincike a Dorayi ta Kano. Abin da ta rubuta duk ɗan ƙauye ya san shi: talaka yana sayar da hatsinsa da kaka lokacin da ya fi araha, saboda bashi da biki da rashin lafiya, mai hali yana saye ya zuba a rumbu, da damina talaka ya dawo ya sayi hatsin nan da tsada, ya bar gonarsa cikin ciyawa ya tafi ƙwadago a gonar mai hali don ya samu na tuwon dare, sai amfaninsa na baɗi ya sake raguwa. Shekara hamsin da ɗoriya ke nan, kuma har gobe haka abin yake a Kibiya da Rano, sai dai abin da ya ƙaru na masu ba da kaka, waɗanda ke ba manomi kuɗi ko buhu a tsakiyar damina su karɓi ninkinsa idan an girbe. Mutum biyu sun shiga kasuwa ɗaya, ɗaya yana iya jira wata shida, ɗaya ba ya iya jiran gobe. A takarda dukkansu 'yantattu ne, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

MUN TAƁA SHAN WANNAN MAGANI

Ban riski farkon SAP da wayona ba, amma na tashi a cikin tokarsa. A 1985 Janar Ibrahim Babangida ya buɗe muhawara kan karɓar bashin Asusun Ba da Lamuni na Duniya, IMF; jama'a suka ce ba sa so, ya sanar da cewa an ƙi bashin, sannan a 1986 ya kawo shirin SAP mai ɗauke da kusan dukkan sharuɗɗan asusun: karya darajar Naira, rage tallafi, sayar da kamfanonin gwamnati, da rushe hukumomin sayen amfanin gona. Nairar da take kafaɗa da kafaɗa da Dala a 1985 ta kai wajen 22 a 1993. Dakta Yusufu Bala Usman na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Farfesa Sam Aluko sun yi gargaɗi tun da wuri, a Mayun 1989 kuma ƙasa ta kama da tarzoma. A shekarar ce John Williamson ya raɗa wa irin waɗannan manufofi sunan Matsayar Washington. Daga baya Joseph Stiglitz, wanda ya riƙe muƙamin babban masanin tattalin arziki na Bankin Duniya daga 1997 zuwa 2000, ya fito a littafinsa na 2002 ya soki yadda aka riƙa ɗura wa ƙasashe matalauta magani iri ɗaya cikin gaggawa ba tare da duba jikin mai sha ba.

Su kuwa masu rubuta mana maganin, ran da gobara ta kama nasu ɗakin, littafin Keynes na 1936 suka ɗauko, wanda ya koyar da cewa idan kasuwa ta durƙushe hukuma ta kashe kuɗi ta ɗaga ta. A 2008 majalisar Amurka ta ware Dala biliyan 700 don ceto bankuna. A 2020, lokacin annobar korona, an aika wa Amurkawa kuɗi har gida. Manoman Amurka da na Tarayyar Turai kuwa shekara da shekaru suna karɓar tallafi. Likitan da ba ya shan maganin da yake rubutawa, ai ya kamata a yi masa tambaya.

HADISIN FARASHI DA 'YAN UWANSA

Yanzu mu zo ga abin da ya fi damuna. Hadisin Anas bin Malik (RA), wanda Abu Dawuda da Tirmizi da Ibn Majah suka ruwaito, ingantacce ne: kaya sun yi tsada a Madina, aka nemi Manzon Allah (SAW) ya yanke farashi, ya ƙi, ya mayar da al'amarin ga Allah, ya kuma bayyana fatansa na ya gamu da Ubangijinsa babu mai bin sa haƙƙin jini ko na dukiya. Mun ji, mun bi. Amma almajirin fiƙihu na ajin farko ya san ba a ɗaukar hadisi ɗaya a bar 'yan uwansa. Annabin da ya ƙi yanke farashi shi ne ya bayyana mai ɓoye kaya a matsayin mai saɓo, kamar yadda Muslim ya ruwaito daga Ma'amar bin Abdullahi. Shi ne ya hana tarbar fatake a hanya a saye kayansu kafin su san farashin gari. Shi ne ya hana najashi, wato ƙara wa kaya kuɗi ba da niyyar saye ba. Shi ne ya shiga kasuwa da kansa ya cusa hannu cikin tarin abinci, ya taɓo jiƙaƙƙe a ƙasa, ya barranta daga mai algus. Kasuwar da aka bari ta yi halinta a Madina kasuwa ce da aka riga aka tsarkake daga riba da ɓoyo da tauye mudu, ga zakka tana bin bayanta tana kwashe wanda ya faɗi. Ka kawo mini irin wannan kasuwa, ni ma in ce a bar ta.

Shaihul Islam Ibn Taimiyya, wanda ya rasu a 728 bayan hijira, ya warware mas'alar a littafinsa na Hisba. Idan tsada ta zo ne saboda ƙarancin kaya ko yawan mutane, masu kaya kuma suna ciniki yadda aka saba, tilasta musu farashi zalunci ne. Idan kuwa sun ƙi sayarwa sai da ƙari a kan ƙimar da aka sani, alhali jama'a na cikin lalura, to wajibi ne a tilasta musu sayarwa a kan ƙimar da ta dace. A mazhabarmu ta Malikiyya, Imam Al-Baji ya kawo hanyar Ibn Habib: shugaba ya tara manyan 'yan kasuwa, ya kirawo wasu amintattu don tantance gaskiyarsu, ya tambayi yadda suke saro kaya da yadda suke sayarwa, sannan a daidaita a kan abin da zai bar musu riba bai cuci jama'a ba.

Da fari ya auka wa Hijaz a shekara ta 18 bayan hijira, shekarar da ake kira ta toka, Sayyidina Umar (RA) bai karanta wa mayunwata hadisin Anas ya koma gida ba, alhali ya fi mu sanin hadisin. Ya rubuta wa gwamnoni, abinci ya zo daga Sham, aka kafa tukwane ana ciyar da dubban mutane, ya jinkirta karɓar zakka a shekarar, ya haramta wa kansa nama da man shanu har launin jikinsa ya sauya. A nan ƙasarmu, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a cikin Usulus Siyasa da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya lissafa raya sana'o'i da noma, da kwaɗaitar da tanadin abinci, da gyaran kasuwanni da hanyoyi cikin ayyukan shugaba. Suratu Yusuf, aya ta 47 zuwa 49, tsarin ajiyar hatsi ne na shekara goma sha huɗu, aya ta 7 a Suratul Hashri kuma ta bayyana hikimar rabon dukiya da cewa don kada ta riƙa kewayawa tsakanin mawadata kaɗai.

GA 'YAN ƊAYA ƁANGAREN

Kada masu cewa gwamnati ta ƙwace komai su yi murna, domin idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Tallafin mai ya zama kafar sata. Binciken Majalisar Wakilai na 2012 ya fallasa kamfanonin da suka karɓi kuɗin man da ba su shigo da shi ba, wani man kuma ta kan iyaka yake sulalewa. Hukumomin sayen gyaɗa da auduga sun daɗe suna biyan kakanninmu ƙasa da farashin duniya, kamar yadda masani Peter Bauer ya nuna tun 1954, kuma dalar gyaɗa ta Kano ta riga ta baje tun shekarun 1970, kafin SAP. Ibn Khaldun, a Muƙaddimarsa ta 1377, ya yi babi guda kan cewa shigar sarki fatauci tana cutar da talakawa tana kuma karya haraji, ya yi wani kan cewa arahar da ta daɗe tana karya masu kaya, har da manoman hatsi, wanda shi ne abin da muka gani a 2025. Da hukumar yaƙi da cin hanci ta Jihar Kano ta rufe wasu sito-sito a Dawanau a Fabrairun 2024 bisa zargin ɓoye abinci, jama'a sun yi murna, 'yan kasuwa kuma sun musanta zargin. Fiƙihu ya bambanta mai ajiye amfanin gonarsa ko mai tanadi lokacin yalwa da mai saye ya ƙuntata wa gari lokacin lalura, don haka irin wannan aiki bincike yake bukata da shaidu, kada a haɗa mai laifi da marar laifi.

KAMMALAWA

Ya 'yan uwana matasa, ga abin da nake kira gare shi. Ku karanta masanan nan daga littattafansu, kada ku tsaya ga guntayen bidiyo na minti ɗaya, ku kuma karanta Abu Yusuf da Ibn Taimiyya da Ibn Khaldun da malaman Sakkwato da irin wannan himma. Ku daina tambayar ko a cire tallafi ko a bari kaɗai; ku tambayi ina kuɗin ya tafi, tunda kason da jihohi da ƙananan hukumomi ke karɓa daga asusun tarayya ya ƙaru sosai bayan 2023, kuma haƙƙinku ne ku nemi ganinsa a hanyar ƙauye da asibiti da aji da rumbun tanadi. Jihar Kano ta kafa hukumomin Zakka da Hubusi da na Hisba tun 2003. Ku nemi a kai aikinsu ga mudu da sikeli da bashin kaka.

Mu ma akwai namu. Wanda ya girbe abin da ya kai nisabi, sa'i 300, ya fitar da ɗaya bisa goma idan ruwan sama ne, ɗaya bisa ashirin idan da wahalar ban ruwa ya shayar, ya kuma fara da mabukatan garinsa. Kowane masallacin Juma'a a Rano da Kibiya yana iya kafa rumbun bashin hatsi, a ba manomi buhu da damina ya mayar da buhu da kaka, babu ƙarin ko tiya ɗaya. Cinikin salam, wato biyan kuɗi yanzu a karɓi amfani daga baya, halal ne da sharuɗɗansa. Buhu ɗaya a kan buhu biyu kuwa riba ce, ko da wane suna aka kira ta.

Shi kuma ɗalibina, na ba shi aron littafin Hisba, na kuma roƙe shi idan damina ta tsaya, cikin watan Agusta, ya raka ni Tarai mu gai da dattijon nan, mu leƙa rumbunsa, sannan mu ci gaba da muhawararmu a can. Ya amsa, Allah Ya yi masa albarka.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren da ke ciki kuwa daga gare ni ne da Shaiɗan. Allah Ya ba shugabanninmu tausayin talakawansu, Ya sanya albarka a gonakinmu da kasuwanninmu, Ya yaye mana tsanani, Ya sa mu cika da imani. Amin.